Takarda Bakwai a Aljihun Sixten

Idan ka tambayi mutanen Tjärnbruk wace ce Majvor Edholm, ba za su ce maka matar da ta shekara talatin da ɗaya tana girki a makarantar firamare ba, ko da yake rabin garin nan dankalinta ne ya raine su. Cewa za su yi, "Ai matar zaɓe." Duk ranar da aka fito zaɓe, Lahadi ta biyu a watan Satumba, ita za ka tarar a bayan teburi a zauren motsa jiki na makarantar, tabarau a karan hanci, tana duba suna, tana karɓar ambulan tana jefawa a akwati. Wanda zan ba ku labarinsa shi ne zaɓenta na tara a kan kujerar nan. A duk takwas ɗin baya ba a taɓa sake irga akwatinta aka sami kuskuren ƙuri'a ɗaya ba, kuma ba ta gajiya da tuna wa mutane hakan.

Mace ce gajera mai saurin tafiya da saurin tsaki. Ba ta da haƙurin shashanci. Idan ta ga tulin takardu ya karkace a teburi, sai ta tashi ta daidaita shi, ko da a gidan mutane ne.

A lokacin ba a fara kange teburin takardun ƙuri'a da labule ba. Kowace jam'iyya da takardarta, an jera su tuli-tuli a bakin ƙofa, rawaya ta majalisar ƙasa, shuɗiya ta yanki, fara ta ƙaramar hukuma. Duk wadda ka miƙa hannu ka ɗauka, maƙwabcinka da ke bayanka a layi yana kallo. Shi ya sa duk mai hankali ba ya ɗaukar guda. Sai ka bi layi ka zari ɗaya-ɗaya daga kowace jam'iyya, fuskarka a ɗaure, ka shige bayan labule, ka sa wadda kake so a ambulan, sauran ka cusa a aljihu ka tafi gida. Jam'iyyu takwas, takarda takwas, ɗaya a akwati, bakwai a aljihu. Haka muka taso muka ga iyayenmu suna yi.

Babu wanda ya riƙe wannan al'ada irin Sixten, mijin Majvor. Shekara talatin da takwas ya yi yana tantance katako a masana'antar garin, mai kyau gefe, mai aibi gefe, kuma hannunsa bai taɓa mantawa ba. Kowane launi da aljihunsa. Rawaya a aljihun dama na babbar rigarsa, an ninke su biyu a tsaye. Idan ya dawo gida sai ya zuba su a wani tsohon gwangwanin biskit da ke kan firji, domin Majvor ba ta zubar da takardar da babu rubutu a bayanta. A bayansu take rubuta kayan cefane har wani zaɓen ya zagayo.

Lokacin da 'yarsu Ylva take ƙarama, gwangwanin nan wasanta ne. Ta baza rawayen a kan teburin cin abinci, ta bi su da yatsa, ta ɗaga kai tana dariya. "Baba, ta jam'iyyar ma'aikata ce babu!" Sixten ya zaro ido ya ce an tona masa asiri, zai kai ta ƙara wurin matar zaɓe. Kowa ya yi dariya, don a gidan nan babu wani asiri. Ubansa ma'aikata ya zaɓa, kakansa ma haka, har da tutar ƙungiyar ƙwadago aka rufe akwatin gawar tsohon.

To, sai garin ya fara zubewa a hankali. Aka rufe masana'antar katako. Aka ɗauke ɗakin haihuwa aka kai birni, tafiyar awa ɗaya da rabi idan hanya ba ƙanƙara. Ofishin 'yan sanda ya koma shagon gwanjo, banki ya tattara ya bar mana ramin injin cirar kuɗi a bango. Babban kanti ma ya rufe, cefanen kirki sai ka shiga bas ka je garin gaba. Su kuwa manyan jam'iyyu sai shekarar zaɓe ake ganinsu, su raba fure a dandali, su sha hannu da tsofaffi, su shige mota kafin gahawarsu ta huce.

A cikin wannan ne waɗancan suka sami ƙofa. Majvor ba ta kiran jam'iyyarsu da sunanta, 'yan kwat take ce musu. Ta san su tun suna samari masu ƙwal-kwabo da manyan takalma, suna rubuta "baƙi su koma gida" a bangon tashar bas, ita ce ma take fitowa da bokiti ta goge. Yanzu sun bar gashi, sun sa kwat da laktaye, sun koyi magana a hankali. Abin da ke bangon tasha dai shi ne a bakinsu, an wanke shi ne kawai an goge. Abin da ya fi ƙona mata rai shi ne kowane zaɓe tulinsu a teburin irge sai ya fi na baya tsawo, kuma da hannunta take jera shi, ta daidaita masa gefe kamar na kowa.

Gidan Edholm kuwa ba gidan da maganar baƙi za ta zama hirar talabijin ba ne. Ylva, wadda yanzu ma'aikaciyar jinya ce a gidan kula da tsofaffi, ta auri Tesfaldet, mutumin Eritiriya da ya zo garin shekara goma sha ɗaya da suka wuce. Tesfa kowa ke ce masa. Shi ke tuƙa bas ɗin da ya rage mana. Suna da 'ya'ya mata biyu, kuma duk Lahadi ƙarfe biyu suna teburin Majvor. Wannan teburin shi ne ranta. Tun daga Alhamis take lissafin abin da za ta dafa.

Sixten da Tesfa sun shaƙu tun farko. Sixten ne ya koya masa tuƙi a kan ƙanƙara da fasa rami a tafki don kamun kifi. Ya yi ta fama da shi ya kira shi da sunansa kamar yadda kowa ke yi a nan, Tesfa ya ce bakinsa ba zai iya ba, a ƙasarsu ba a kiran suruki gatsal. Baba yake ce masa, Majvor kuma Mama, har suka saba. Da idon Sixten ya yi rauni aka hana shi tuƙi, sai ya zama duk Litinin bas ɗin ƙarfe tara yake shiga ya je cefane, ya zauna a kujerar gaba kusa da surukinsa, su yi ta musu a kan ƙwallo har su isa. A bazarar shekarar nan Tesfa ya sami takardar zama ɗan ƙasa, wannan ne karon farko da zai taɓa takarda rawaya. Sixten ya zaunar da shi ya koya masa komai: ɗauki ɗaya-ɗaya, kada ka tsallake ko ta shaiɗan ce, kada ka kalli kowa, ninke biyu a tsaye.

Duk da haka, a watannin nan Majvor ta ga mijinta yana canzawa. Idan 'yan kwat suna magana a talabijin, da can kashewa yake yi. Yanzu sai ya bar shi, ya ce nesa da rimot yake. Wata rana yana karanta jarida ya ce, ba tare da ya ɗago ba, "Aƙalla su sun san akwai gari a nan."

Saura kwana goma zaɓe ta bi ta dandali. Kowace jam'iyya ta kafa 'yar bukkarta ta katako, ana raba gahawa da alewa. Yawancinsu babu kowa sai ɗalibai da aka turo aikin makaranta. Ta 'yan kwat ce ke da mutane, kuma wanda ke tsaye a ƙofarta Börje ne, ƙanin Sixten. Shekara uku ke nan Ylva ba ta shiga inda yake. A wani bikin tsakiyar bazara ne ya dubi 'ya'yanta da rawanin fure a ka, ya ce ƙasar nan ta fara sake launi. Ylva ta ɗauki yaranta ta fita, ko gaisuwar Kirsimeti ba ta sake aika masa ba.

"Matar yaya!" Börje ya ɗaga murya. "Zo ki sha gahawa, kyauta ce."

"Kun duba takardunta?" in ji Majvor. "Ko a bayan gidanku ake nomanta? Na ji an ce daga wajen su Tesfa ta fito."

Mutanen da ke wurin suka yi dariya, har da Börje. "Ke dai bakinki ba ya tsufa. Mu fa ba mu da matsala da Tesfa. Mutumin kirki ne, yana aiki, yana biyan haraji."

"To da wa kuke da ita?"

"Sauran."

"Sauran ma kowanne Tesfan wani gida ne, sakarai. Kuma kwat ɗin nan ta yi maka yawa a kafaɗa."

Ta juya za ta tafi, sai ya jefo mata a baya, "Ki tambayi mijinki ko gahawar tamu da daɗi. Jiya ya fi awa guda a nan."

Ba ta waiwaya ba. Jiyan kuwa, Sixten ya ce mata ɗakin karatu ya je.

Abin da Börje ya faɗa a dandali ba ya kwana bai zaga gari ba. Washegari Ylva ta kira.

"Mama, gwangwanin nan yana nan?"

"Wane gwangwani?"

"Kin san wanda nake nufi. Ranar Lahadin zaɓe zan baza takardun Baba, kamar yadda nake yi ina ƙarama."

"Haba Ylva, ƙuri'a fa sirri ce. Ni ce zan gaya miki?"

"Sirri ce a makaranta. A teburin da 'ya'yana ke cin abinci ba sirri ba ce. Idan na duba na ga ta 'yan kwat ce babu, ni da su mun gama shiga gidan nan. Ba da wasa nake ba, Mama."

Majvor ta san ba da wasa take ba, don ita ta haife ta, kuma taurin kan nata ne ta gada.

Kwana tara ta yi da maganar nan a ƙirji. Mai hankali zai ce ai da sauƙi, ta zaunar da mijinta ta tambaye shi. Amma mu mutanen nan sai ka zauna da mu za ka gane. Za mu shekara arba'in a gado ɗaya muna maganar yanayi da tayar mota, abin da ke cin ranmu kuwa sai mu sa shi a firji mu rufe. Sau huɗu tana buɗe baki a wurin karin kumallo.

"Sixten."

"Uhm?"

"Madara ta kusa ƙarewa."

"To."

Kuma ba tsoro ne kaɗai ya riƙe ta ba. Idan ta gaya masa abin da Ylva za ta yi, abu ne mai sauƙi ya ɗauki takardar 'yan kwat guda biyu, ɗaya a akwati, ɗaya a gwangwani, ya jefar da ta ma'aikata a shara. Shi ke nan ita da kanta ta koya wa mijinta maguɗi, kuma har abada ba za ta san gaskiya ba. Idan kuma zargin banza ne, ta ci mutuncin mutumin da ya yi yajin aiki na wata uku yana cin dankali da gishiri. Haushin kowa take ji: Börje, Ylva, masu raba fure, da shi kansa tsohon da ke zaune yana shafa man shanu a burodi kamar babu abin da ke faruwa. Ta fi jin haushin kanta.

Ranar Lahadi ƙarfe takwas aka buɗe ƙofa. Tesfa ne na uku a layi, ya sa laktaye kamar mai zuwa ɗaurin aure. Ya bi teburin takardu ya zari ɗaya-ɗaya, fuska a ɗaure yadda aka koya masa, sai dai da ya miƙo mata ambulan ɗinsa murmushi ya ƙwace masa. Majvor ta karɓi katinsa ta duba suna kamar ba ta taɓa ganinsa ba, domin doka doka ce. Ta jefa, ta ce, "Ka yi zaɓe." Ya ce, "Na gode, Mama," da ƙarfi, har abokan aikinta suka yi dariya.

Wajen sha ɗaya Sixten ya shigo. Ta bi hannunsa da ido. Takwas ya ɗauka, ɗaya-ɗaya, kamar kullum. Ya daɗe a bayan labule fiye da yadda ya saba. Da ya fito ya miƙo mata, bai dube ta ba, sai ya ce da alama za a yi ruwa. Ta riƙe ambulan ɗin. Ba shi da nauyin komai, kuma ba a ganin abin da ke ciki sai ɗan launin rawaya ta yankakken gefensa. Ta jefa shi a akwati da hannunta.

An ba ta hutu daga ƙarfe biyu zuwa huɗu. Tun da safe ta dunƙula naman, ta fere dankali, saura ɗumamawa. Ylva ta taso daga aiki kai tsaye, ita ta riga ta yi nata zaɓen tun cikin mako. Yara suka cika gidan da surutu, Sixten yana falo yana nuna musu hoton wani kifi. Majvor ta ce bari ta ɗauko abu a soro. Ta tsaya gaban babbar rigar mijinta da ke rataye, ta sa hannu a aljihun dama. Matar da ba ta taɓa leƙa ƙuri'ar kowa ba, ga ta tana laluben aljihu a gidanta.

Ta baza su a kan kantar takalma. Bakwai. Ta ma'aikata na nan, a sama ma take. Ta bi su da yatsa sau biyu, duk da tun a kallon farko ta gani. Ta 'yan kwat ce babu.

Ba ta ji buɗe ƙofa ba. Tesfa ne, ya koma mota ɗauko kek. Ya tsaya da kwalin a hannu, ya dubi fuskarta, ya dubi kantar.

"Mama, irga kike yi?"

"Bakwai," ta ce.

"Ai bakwai daidai ne."

"Daidai ne. Wadda babu ce ba daidai ba."

Ya ajiye kek ɗin a hankali. Ya sunkuya ya karanta su ɗaya bayan ɗaya, leɓensa na motsi. Da ya gama bai ɗago nan da nan ba. Daga falo ana jin Sixten yana cewa kifin ya kai tsawon hannunsa, yara suna cewa ƙarya ne.

"Ylva ta gaya maka abin da za ta yi?" Majvor ta tambaya.

"Kwana tara ba ta da wata magana."

Ya sa hannu a aljihun ƙirjinsa ya ciro nasa bakwai ɗin. Ya tattara na Sixten ya sa a aljihunsa, ya ɗora nasa a tafin hannunta. Ta duba. Ta 'yan kwat tana ciki, ta ma'aikata ce babu. Ninkin ma iri ɗaya ne, biyu a tsaye, tunda malami ɗaya ne.

"Kai, me kake yi haka?" ta ce ƙasa-ƙasa. "Ni matar zaɓe ce. Ban taɓa musanya takarda ba a rayuwata."

"Wannan ba ƙuri'a ba ce, Mama. Ƙuri'a tana akwati, ta tafi. Wannan takardar cefane ce."

"Bai cancanta ba, Tesfa."

"Ban ce ya cancanta ba." Ya gyara laktayensa. "Kaka namiji ɗaya yarana ke da shi a duniya. Nawa uban ya mutu ko kabarinsa ban gani ba. Ba zan zauna takarda ta ɗauke musu wannan ba." Ya ɗauki kek ɗin, ya ɗan tsaya. "Amma kada ki ce in yi masa dariya yau. Wannan kam ba zan iya ba."

Aka zauna cin abinci. Ga nama, ga dankali, ga miya, yara na ta surutu. Ba a kai rabi ba Ylva ta tashi ta sauko da gwangwanin daga kan firji, ta dire shi a tsakiyar teburi.

"Baba, takardunka."

Sixten ya dubi gwangwanin, cokali mai yatsu a hannunsa. Majvor tana kallo jini ya bar fuskarsa. Sai yanzu ya tuna. Shekara ashirin da biyar rabon da wani ya baza takardun nan, shi a wurinsa gwangwani wurin zuba takardar cefane ne kawai. Ya yi wayon ɓoye wa gari gaba ɗaya, ya manta da teburinsa.

"Ai suna… bari in…" Ya fara yunƙurin tashi.

"Zauna," in ji Majvor. "Ga su, na ciro maka."

Ylva ta karɓa. Ta ture farantinta gefe, ta baza su ɗaya-ɗaya, tana kiran sunan kowace. A ta biyar muryarta ta tsaya. Ta 'yan kwat ce, ga ta kwance kusa da kwanon miya. Ta ƙarasa sauran biyun da sauri, ta sake bin su da yatsa, sannan ta rufe baki da hannu.

"Ta ma'aikata ce babu," ta ce, hawaye na zubo mata. Ta zagayo ta rungume kan ubanta. "Yafe mini, Baba. Na zarge ka. Börje ne ya yi ta yaɗawa, ni kuma na yarda. Yafe mini."

Sixten ya yi tsuru-tsuru a cikin hannun 'yarsa. Idonsa na kan takardar nan ta biyar, wadda ya san da yatsunsa ya sa 'yar'uwarta a ambulan. Ya ɗago ya dubi Majvor. Majvor ta ɗauki kwanon dankali ta miƙa wa ƙaramar jikarta. Tesfa kuwa yana yanka wa babbar nama ƙanana-ƙanana, har ya wuce yadda yarinya 'yar shekara takwas ke buƙata.

"Tesfa, naka fa?" Ylva ta ce tana share ido tana dariya. "Kawo mu tona maka asiri kai ma."

"A'a," ya ce, ya dafa aljihun ƙirjinsa. "Nawa na farko ne, ba na cefane ba ne. Ajiyewa zan yi."

Aka ci kek, aka sha gahawa. Ylva ta yi ta zuba kamar an sauke mata kaya, har tana cewa Lahadi mai zuwa ita za ta kawo kifi. Majvor ta sami abin da take so, teburinta na nan, kujeru shida a cike. Amma nata kek ɗin ko rabi ba ta ci ba.

Ƙarfe uku da rabi suka tafi. A bakin ƙofa Tesfa ya ce, "Sai an jima, Mama," ya riƙe hannun yara ya fita. Bai ce wa kowa Baba ba.

Majvor ta koma kicin ɗaukar jakarta. Sixten na zaune inda aka bar shi, takardun na baje a gabansa.

"Ke ce?" ya tambaya.

"Ni nawa suna jakata, bakwai cif. Ka irga in kana so."

Ya sake duban takardun. Ta ga lokacin da ya gane na Tesfa ne, don kunnuwansa sun yi ja.

"Ba shi nake nufi ba, Majvor. Kin san ba shi nake nufi ba. Asibiti ne. Kanti ne. Shekara arba'in ina ba mutanen nan ƙuri'ata, ko sunan garin nan ba su iya faɗa ba. So nake su ji zafi sau ɗaya."

"Su ji zafi," ta ce. "To, wani dai ya ji." Ta ɗauki takardar ta biyar ta juya ta gaba da baya a gaban idonsa. "Nuna mini, tsoho. Shekara talatin ina irga waɗannan, idona ya fi naka. Ina wurin da aka rubuta 'ban da Tesfa'?"

Ba ta jira amsa ba, don saura minti ashirin ta koma bakin aiki, kuma ba ta taɓa makara ba. Ta zaro biro daga jaka, ta kifa takardar a kan teburi, ta rubuta a bayanta da rubutunta mai tsabta: madara, burodi, man shanu, gahawa. Ta tura masa ita har ta taɓa hannunsa, sauran shidan ta zuba a gwangwani ta rufe.

"Gobe Litinin," ta ce tana sa takalmi. "Bas ɗin ƙarfe tara. Ka san direban."